Bikin da ya girma a baƙunta: yadda 'yan Ayilan mazauna ƙetare ke raya Ranar Waliyyi Patrick

Da hantsin wata Asabar a tsakiyar watan Maris, jama'a kan yi dafifi a kan gadojin birnin Chicago na Amurka, sanyi na ratsa su, kowa ya zuba wa kogi ido. Can sai ga jiragen ruwa na ƙungiyar masu aikin famfo sun taho suna barbaɗa wani gari mai ruwan lemo. Garin na taɓa ruwa sai ya juye kore shar, wani jirgin na biye yana dama shi, kafin a jima kogin da ya ratsa tsakiyar birnin ya koma kamar an shimfiɗa ɗanyar ciyawa tsakanin dogayen benaye. An yi shekara da shekaru da rariyar tankaɗe irin ta kicin ake barbaɗa garin nan. Tun 1962 ake wannan al'ada, kuma wurin aiki ta samo asali: masu famfon suna amfani da rini don gano inda ƙazamin ruwa ke tsiyaya cikin kogin, sai jagoransu Stephen Bailey ya lura launin ya yi daidai da koren Ayilan. Shekarar farko sun zuba kusan kilo 45, ruwan ya yi mako guda bai washe ba. Abin da ake zubawa yanzu bai kai rabin haka ba.

Duk wannan hidima ta Ranar Waliyyi Patrick ce, 17 ga Maris, ranar da mutanen Ayilan ke tunawa da waliyyin da suka riƙa a matsayin majiɓincin ƙasarsu. Wanda ya ga hotunan zai ɗauka al'ada ce da aka ɗauko ta sukutum daga Ayilan aka kai Amurka. Alhali a lokacin da aka fara rina kogin Chicago, a yawancin garuruwan Ayilan ranar ba ta wuce a je coci da safe, a maƙala ɗan ganye a ƙirjin riga, a dawo gida a ci abinci da iyali. Doka ma ta rufe mashaya a ranar tun daga shekarun 1920 har farkon shekarun 1960. Kiɗan nan, da faretin, da koren da ya mamaye ko'ina, 'yan cirani ne suka ƙirƙiro su a ƙasashen da suka samu kansu, daga baya abin ya bi sawunsu ya koma gida. Sai a 1996 aka fara gagarumin bikin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa a Dublin, babban birnin ƙasar.

Shi kansa mai ranar baƙo ne a Ayilan. A Birtaniya aka haife shi, zamanin da take ƙarƙashin Rumawa, wajen ƙarshen ƙarni na huɗu. Yana da kimanin shekara 16 mahara suka kama shi suka ƙetara da shi teku, ya yi shekara shida yana kiwo a matsayin bawa. Ya gudu, ya koma wurin danginsa, ya yi karatun addini, sannan ya sake komawa ƙasar da ta bautar da shi a matsayin bishop mai wa'azi. Shi da kansa ya rubuta wannan labari, kuma rubutun yana nan. Sauran abubuwan da ake jingina masa, kamar korar macizai daga tsibirin, ko amfani da ganyen shamrok mai kunne uku wajen koyar da aƙidar Kirista, hikayoyi ne da suka biyo baya da ɗaruruwan shekaru. An shigar da ranarsa cikin kalandar Cocin Katolika a ƙarni na 17, ta zama hutun gwamnati a Ayilan a 1903. Tana faɗowa cikin azumin kwana arba'in na Kiristoci, shi ya sa tun da can ake mata kallon ranar sararawa, a ɗan ci nama a sha abin sha kafin a koma kan kamewa.

Bikin ya riga Amurka haihuwa a ƙasar Amurka. Takardun Sifaniyawa sun nuna an yi jerin gwano a 1601 a garin St. Augustine da ke Florida ta yau, ƙarƙashin wani fada ɗan Ayilan. A Boston wata ƙungiyar taimakon juna ta 'yan Ayilan ta yi taron ranar a 1737. New York kuwa daga 1762 take lissafin faretinta, lokacin da sojoji 'yan Ayilan da ke cikin rundunar Birtaniya suka fito da gangunansu. Amma waɗannan duk ƙananan taruka ne. Yunwa ce ta mayar da abin abin da ya zama.

A kasuwanninmu idan mai kayan miya ya ce “Arish”, kowa ya san dankalin Turawa yake nufi, irin wanda ake nomawa a Jos. Sunan daga mutanen nan ya fito, don babu al'ummar da ta jingina rayuwarta kan dankali kamar talakan Ayilan na ƙarni na 19. Filayen noma suna hannun manyan masu gonaki, da yawansu a Ingila suke zaune. Manomi ɗan haya ne, hatsin da ya noma na biyan haya ne, dankali kaɗai ne nasa. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ana tono shi ya ruɓe ya yi baƙi, ta kuma yi ta dawowa shekara bayan shekara har zuwa 1852. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Kimanin miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke biye da ita, sama da miliyan ɗaya suka tsere. Abin da har gobe ke yi wa 'yan Ayilan ciwo shi ne, a daidai lokacin jiragen ruwa na fita da hatsi da shanu daga tashoshinsu zuwa Ingila, wadda ke mulkinsu. Taimako ya zo daga wuraren da ba a zata ba: Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aika da fam 1,000 a 1847, 'yan ƙabilar Choctaw na Amurka, waɗanda su ma ba su daɗe da aka kore su daga ƙasarsu ba, suka yi karo-karo suka aika da nasu. Har yau tsibirin bai mayar da yawan mutanen da yake da su kafin yunwar ba.

Akwai wata al'ada da ta fito daga wannan ƙaura wadda ban taɓa karanta ta ban ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro ba. Daren da saurayi ko budurwa za su tafi Amurka, sai maƙwabta su taru a gidan a kwana zaune, irin zaman da suke yi idan an yi rasuwa. A yi kiɗa, a yi rawa, tsofaffi su yi nasiha, da asuba uwa ta fashe da kukan mutuwa a kan ɗanta da ke tsaye da ransa, a raka shi har mararraba. Sun san da wuya a sake ganawa. Jiragen da ke kwashe su kuwa “akwatin gawa” aka riƙa kiran su saboda yawan masu mutuwa a hanya. A tsibirin Grosse Île kusa da Quebec a Kanada, inda ake killace masu zazzaɓi, an binne sama da mutum 5,000 a 1847 kaɗai.

Waɗanda suka isa da rai ba su tarar da shimfiɗa ba. Amurka ta lokacin ƙasar Furotesta ce, su kuma Katolika ne, matalauta, wasunsu ko Turancin ba su iya ba sai harshensu na gado. Ana buga tallar aiki a jarida a rubuta ƙarara cewa ban da ɗan Ayilan. Jaridu na zana su da fuskar biri, kwalba a hannu. A 1844 an ƙona coci-cocin Katolika a Philadelphia, a shekarun 1850 kuma aka yi jam'iyya guda wadda babbar manufarta ita ce taka wa baƙi irinsu birki. A ranar 17 ga Maris ɗin ma, masu tsokana kan haɗa mutum-mutumin tsumma su rataya masa dankali a wuya su kafa a titi.

To a nan ne faretin ya samu ma'anarsa. Mutumin da duk shekara yana haƙa rami ko yana dako a tashar jiragen ruwa, matarsa na wanke-wanke a gidan masu kuɗi, rana ɗaya sai ya sa rigarsa mafi kyau, ya shiga sahu da dubban 'yan'uwansa, su bi ta babban titin birni a gaban idon waɗanda suka raina su. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ɗan siyasar da ya tsaya a gefen titi yana kallo, ƙuri'u yake ƙirgawa. A 1880 New York ta zaɓi William Grace, haifaffen Ayilan kuma Katolika, a matsayin magajin gari. Boston ta zaɓi Hugh O'Brien a 1884. Aikin ɗan sanda da na kashe gobara a biranen nan suka zama kamar gadon gidansu. A 1948 Harry Truman ya zama shugaban Amurka na farko da ya halarci faretin New York, a 1960 kuma John F. Kennedy, wanda iyayen kakanninsa yunwar nan ce ta koro su, ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

Wanda ya kalli faretin New York da idon basira zai ga tarihin nan a jere. Ana farawa da addu'ar safe a babban cocin St. Patrick, sannan da ƙarfe 11 a hau titin Fifth Avenue. Rundunar soja ta 69 ce ke gaba tun 1851, kuma dalilin sa ta a gaba tun farko shi ne kare masu fareti daga farmaki. Bayanta masu busa algaita mai salkar iska, na 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, sai makarantu, sai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, kowace gunduma daga cikin 32 na tsibirin da tutarta, jikan jika na tafiya a ƙarƙashin sunan yankin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Kimanin mutum 150,000 ke takawa, kuma duk a ƙasa: ba a yarda da motocin ado ba. Masu kallo kan doshi miliyan biyu. A ƙidayar Amurka sama da mutum miliyan 30 ke cewa suna da jinin Ayilan, alhali Jamhuriyar Ayilan kanta a 2022 ba ta wuce miliyan 5 da 'yan kai ba.

Ko abincin ranar ɗan baƙunta ne. A gida naman alade da kabeji suka sani. A unguwannin talakawa na New York naman shanu mai gishiri ya fi araha, kuma wurin mahautan Yahudawa maƙwabtansu suke sayensa. Shi ne yau Ba'amurke ke dafawa da kabeji yana ganin girkin kakanni ne. Koren ma daga baya ya zo. Shuɗi aka fi danganta wa Patrick a da. Kore launin masu neman 'yanci ne, wanda ya yi ƙarfi tun tawayen da aka yi wa mulkin Birtaniya a 1798.

Ba a ko'ina abin ya zo da sauƙi irin na Amurka ba. A Birtaniya, inda 'yan Ayilan suka gina tituna suka cika asibitoci da aikin jinya, rikicin Ayilan ta Arewa, yankin tsibirin da ya rage ƙarƙashin Birtaniya, ya sa nuna asali ya zama haɗari. Bayan bama-baman da suka kashe mutum 21 a mashaya biyu a Birmingham a 1974, faretin birnin ya tsaya cak, mutane suka riƙa rage murya a bas don kada a gane karin harshensu. Sai a 1996 aka dawo da shi. Babban bikin Landan da ake yi a dandalin Trafalgar da hannun hukumar birni a 2002 ya fara, bayan yarjejeniyar zaman lafiyar Ayilan ta Arewa ta 1998. A Montreal ta Kanada kuwa tun 1824 ake fareti. A Buenos Aires ana tunawa da William Brown, ɗan gundumar Mayo da ya kafa rundunar sojan ruwan Ajantina. Meziko na girmama sojojin bataliyar San Patricio, 'yan Ayilan da wasu baƙi da suka bar rundunar Amurka suka koma ɓangaren Meziko a yaƙin 1846 zuwa 1848, aka rataye kimanin 50 daga cikinsu. Tokyo ma tana yin nata tun 1992, kuma mafi yawan masu takawar Japanawa ne.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Montserrat, wani ɗan tsibiri a yankin Karebiyan da mutanensa ba su kai dubu biyar ba, kusan dukkansu baƙar fata. Ranar hutu ce a can, kuma hatimin da ake buga wa baƙo a fasfo hoton ganyen shamrok ne. 'Yan Ayilan sun zauna a tsibirin tun shekarun 1630, wasu 'yan ƙwadago, wasu kuma masu gonakin rake da bayi. A 1768 bayin suka shirya tawaye, suka zaɓi 17 ga Maris don sun san iyayen gijinsu za su shagala da shaye-shaye. Asiri ya tonu, aka kashe jagororin. Saboda haka idan ɗan Montserrat ya sa kore ya fito yana rawa da abin rufe fuska da bulala a hannu, ana rabon farfesun akuya, kakanninsa da suka nemi 'yanci yake tunawa, ko da sunan gidansu na Ayilan ne. Tun da dutse mai aman wuta ya binne babban birninsu Plymouth a shekarun 1990 ya tarwatsa su zuwa Birtaniya da Amurka, makon nan ya zama lokacin da suke dawowa ganin gida. Wannan tsibiri shaida ne cewa 'yan Ayilan sun sha zalunci, kuma wasunsu da suka samu dama sun zalunci wasu. Bikin da ya ɓoye rabi na biyu bai faɗi gaskiya ba.

Gwamnatin Ayilan ta daɗe da gane cewa tana riƙe da abin da manyan ƙasashe ba su da shi. A 1952 jakadanta John Hearne ya aika wa Truman da ɗan akwatin shamrok. Daga nan al'adar ta girma har ta kai duk shekara firaministan ƙasar na shiga Fadar White House ya miƙa tasar gilashi cike da ganyen, ya samu zama da shugaban Amurka, ministoci kuma su bazu zuwa ƙasashe da dama neman masu zuba jari da masu yawon buɗe ido. Wace ƙasa mai mutum miliyan biyar ce ke da tabbacin irin wannan ganawa kowace shekara? Bill Clinton ya yi amfani da liyafar wajen haɗa masu gaba da juna a Ayilan ta Arewa a zaure ɗaya, har ya gayyaci Gerry Adams na Sinn Féin, jam'iyyar masu neman haɗe tsibirin ya zama ƙasa ɗaya, a 1995. A 2024 kuma yaƙin Gaza ya raba kan 'yan ƙasar: wasu suka ce a ƙaurace wa fadar, firaminista Leo Varadkar ya je ya yi maganar tsagaita wuta a gaban Joe Biden, yana mai danganta tausayin da 'yan Ayilan ke yi wa Falasɗinawa da tarihinsu na yunwa da kora daga gida. Watanni biyu bayan haka Ayilan ta amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa.

Sai maganar giya, wadda ba za a tsallake ta ba. A birane da yawa ranar ta koma ta buguwa tun da rana tsaka, da giya mai launin kore, da hulunan roba, da mutanen da ba su san ko wanene Patrick ba. Kamfanoni na cin kasuwarsu. Abin takaicin shi ne hoton ɗan Ayilan mashayi shi ne ainihin zagin da kakanninsu suka fito titi don su wanke kansu daga gare shi, har ƙungiyoyin masu ƙaurace wa barasa na cikin waɗanda ke takawa a faretin ƙarni na 19. Dattawan al'ummar da dama na ƙorafi a kan haka, kuma ina ganin suna da gaskiya. Inda ban bi wasu 'yan gida ba shi ne gorin da suke yi wa jikokin 'yan cirani cewa jabun 'yan Ayilan ne, ba su san ƙasar ba sai a waƙa. Kuɗin da 'yan aikatau mata suka riƙa aikowa daga Boston da New York ne ya biya hayar gonaki ya kuma saya wa ƙannensu tikitin jirgi. Wanda aka yi wa zaman makoki da ransa bai bar gida don ƙin gida ba, kuma jikansa na da haƙƙin ɗaga tutar gundumarsu.

Najeriya ma tana cikin labarin, fiye da yadda mutane da yawa suka sani. Tun 1961 Cocin Katolika ya ayyana Patrick a matsayin majiɓincin Najeriya, aikin bishop-bishop 'yan Ayilan da suka cika ƙasar a lokacin. Fada-fada da sistoci daga Ayilan ne suka kafa makarantu irin su St. John's da ke Kaduna, wadda ta koma Kwalejin Rimi, da St. Louis ta 'yan mata a Kano, kuma babban cocin Katolika na Maiduguri sunan Patrick yake ɗauke da shi. A Legas Ayilan ta buɗe ofishin jakadancinta na farko a Afirka. Ba hutu ba ne a nan, ba a kuma rina kogi. Addu'a ce a coci-coci da makarantun da ke da sunansa, sai liyafar da ofishin jakadancin ke shirya wa 'yan ƙasarsa da abokan hulɗa.

Yanzu kuma hanya ta juya. Ƙasar da ta shekara 150 tana fitar da 'ya'yanta ta zama mai karɓar na wasu: ƙidayar 2022 ta nuna mutum ɗaya cikin biyar na mazauna Jamhuriyar a waje aka haife shi. A faretin ƙananan garuruwa ana ganin ƙungiyoyin 'yan Poland da Indiya da Brazil da Najeriya, kowa da kayan gargajiyarsa da ɗan ƙyalle kore a wuya. Rotimi Adebari, wanda ya je neman mafaka daga Najeriya, ya zama magajin garin Portlaoise a 2007, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. A Nuwamban 2023 kuma masu ƙyamar baƙi suka ƙona motocin bas da taragon jirgi a tsakiyar Dublin, a kan titin O'Connell, titin da faretin 17 ga Maris ke bi kowace shekara.